Almakashin datsa reshe na Felco 2: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Felco 2 ƙirar Suwizalan ne, kuma an yi shi ne don reshe ɗanye wanda kaurinsa bai wuce milimita 25 ba, wato kamar babban yatsa. A kan goba, lemo, matashin mangwaro ko tsiron da ke fitowa daga gindin darbejiya, yankansa sumul ne, ba ya murje ɓawo. Wuƙar na ratsawa ta gefen ƙugiya, wato lanƙwasasshen bakin da ke tare reshe ba ya yanka, don haka a juya shi wuƙar ta fuskanci jikin bishiya. In aka riƙe shi a baibai, ƙugiyar ce za ta danne naman da ake so ya warke.

A yanka dab da kumburin nan na gindin reshe, kada a taɓa kumburin, kada kuma a bar kututture, domin ta nan ruɓa da gara ke shiga.

Inda ake ɓata shi: a cusa masa reshe mai kauri ko busasshe ana murɗawa. Wuƙar ta karkace, ta fara tauna itace. Wannan aikin zarto ne, kuma a fara tsaga reshen ta ƙasa kafin a gama ta sama, kada nauyinsa ya saɓule ɓawon.

Ƙaron mangwaro kan manne shi, ƙurar hunturu ta ƙara daskarewa. Tsumma da ɗan kananzir, sai ɗigon mai a kan ƙusar da ta haɗa bakunan biyu, sun isa. Yana da tsada, gaskiya, amma wuƙa da sifirin (ƙarfen da ke buɗe shi bayan an matse) duk ana sauya su. Jabunsa ma yana yawo a kasuwa, a duba da kyau.