Yawon ɗanɗana fiza a New York: abin da na samu da kuɗin tikitina

Duk wanda ya ji an ce mutum ya biya wajen dala 70 don a zagaya da shi shagunan fiza huɗu a New York, lissafin yanka huɗu zai fara yi, kuma zai ga tsada. Da gaskiyarsa, domin a shagunan unguwa yanka ɗaya mai cuku zalla bai cika wuce dala 3 zuwa 4 ba. Lissafin da na yi wa ƙanwata ke nan da ta ce ta yanka mana tikiti, sai ta ce, "Yaya, ke da fulawa ce sana'arki, ki je ko don ki ga wutarsu." Burodi da kek nake gasawa a Kaduna, don haka da idon mai gashi na je, kuma da shi zan yi wannan sharhi. Tun daga farko in faɗa: kuɗin sun biya, amma akwai wurin da kamfanin da ya shirya yawon ya gaza, kuma ya kamata Musulmi ya san da shi kafin ya biya.

Tsarin ba shi da wahala. Ana yankar tikiti ta intanet, a cike ɗan fom, a haɗu a wata kusurwar titi a kudancin Manhattan da hantsi. Ba mu kai mutum ashirin ba. Tafiyar ƙafa ce ta kusan awa uku, daga gefen unguwar Little Italy zuwa Greenwich Village, a kowane shago a ba kowa yanka ɗaya da ruwan sha. Wadda ta yi mana jagora mata ce mai matsakaicin shekaru da ta ce ta daɗe tana aiki a ɗakin girkin wani shagon fiza, kuma ba sai ta rantse ba, yadda take kama yanka ta ɗaga shi ta leƙa ƙasansa kafin ta kai baki ya isa shaida.

Mun fara da Lombardi's a titin Spring, wanda ke kiran kansa shagon fiza na farko a Amurka, tun 1905. A nan na fara yarda da matar. Ta ba mu labarin Gennaro Lombardi, wanda aka ce shi ya buɗe shagon, yadda aka saba ba da shi, sannan ta ƙara da abin da mai tallar yawon buɗe ido zai so ya ɓoye. Asalin shagon yana can gaba kaɗan a titin, an rufe shi a 1984, aka sake buɗe wannan a 1994. Kuma binciken da aka yi a tsofaffin takardun birnin ya nuna akwai wani ɗan Italiya mai suna Filippo Milone da ya riga Lombardi buɗe shagunan fiza a New York. Haka ta yi da labarin Margherita: cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita fiza mai launin tutar Italiya a birnin Napoli na ƙasar, jan tumatir da farin cuku da koren ganye. Ta ce labari ne mai daɗi, amma masana tarihi suna tababa a kansa. Mai jagorar da ke bambance maka tabbas da ji-ta-ji-ta, shi ne za ka yarda da sauran abin da zai faɗa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dalilin gasa fiza da kwal. Fiye da mutum miliyan 4 suka bar Italiya zuwa Amurka tsakanin 1880 da farkon shekarun 1920, yawancinsu talakawan kudancin ƙasar. A Napoli da itace ake gasa fiza. Da suka zo New York sai suka tarar kwal ya fi itace araha, kuma da shi gidajen burodi ke hura manyan tandunansu na bulo. Suka ɗauki abin da suka tarar, wuta ta canja, fiza ma ta canja. Duk bambancin da muka ɗanɗana a yinin nan daga wuta ya taso, kuma wannan ne zaren da matar ta riƙe tun daga shagon farko har na ƙarshe.

A John's da ke titin Bleecker na gani da idona. Shagon ya samo asali tun 1929, ba ya sayar da yanka, sai dai a sayi guda, kuma kujerunsa na katako duk an sassaƙe su da sunayen waɗanda suka ci suka wuce. An bar mu mun matsa kusa da bakin tandu biyu-biyu. Kwal ɗin yana tare a gefe guda, ba harshen wuta, ba hayaƙin kirki, ja zur kawai yake yi, zafinsa yana dukan fuska tun kana nesa. Mai gashin yana riƙe da wani faffaɗan katako mai dogon mariƙi. Ya zura fiza, ya ɗan dakata, ya sa katakon ya juya ta domin gefen da ke fuskantar garwashi kada ya ƙone, ya ɗaga bakinta ya leƙa, ya sake matsar da ita. Bai kalli agogo ko sau ɗaya ba. Irin wannan tandu zafinsa yana haura digiri 400 a ma'aunin Salshiyas, cikin 'yan mintuna an gama. Da aka ajiye mana ita, ƙasanta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, gefenta ya bushe ya yi ƙaras, cikinta kuma da laushi. Wanda ya taɓa karɓar gurasa da zafinta daga bakin tanderu a Jakara ya san wannan ɗan ɗacin ƙuna da ke ƙara wa fulawa daɗi maimakon ya ɓata ta. A wajena wannan yankan ya fi duk sauran, nesa ba kusa ba.

Matar ta gaya mana cewa tun 2024 hukumar birnin ta wajabta wa masu tsofaffin tandunan kwal da na itace su duba yiwuwar sanya na'urar rage hayaƙi, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. Ina ganin hukumar tana da hujja, mutane ne ke kwana a benayen da ke saman shagunan nan. Fatana dai kada tsadar gyaran ta kashe tandunan, domin ba su da yawa.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa Joe's a titin Carmine, wanda Joe Pozzuoli, mutumin Napoli, ya buɗe a 1975. Nan ne gidan yanka, irin fizar da ake nufi in an ce ta New York. Tandun gas ne, zafinsa wajen digiri 260 zuwa 300, gashin ya fi ɗaukar lokaci. Cukun ma daban ne, mozarela ce da aka rage wa ruwa, ba ɗanya ba, shi ya sa take narkewa ta rufe ko'ina ba ta jiƙa burodin ba. Amfanin wannan haɗin shi ne fizar tana jure ajiya. A gasa ta, a ajiye a bayan gilashi, mai saye ya zo a mayar masa da yanka ɗaya wuta na ɗan lokaci, ya karɓa a farantin takarda ya wuce. Ta kwal kuwa in ta huce sai ta yi tauri, shi ya sa tsofaffin shagunan ba sa son yankawa. A tsaye muka ci a bakin titi, an nuna mana yadda ake naɗe yankan biyu ta tsawonsa domin kada bakinsa ya lanƙwashe cuku ya zube. Ba abin da ya yi yawa a cikinsa, ba abin da ya yi kaɗan.

Na yi wa matar tambayoyin sana'a muna tafe, ba ta ƙosa ba. Na tambaye ta maganar da ake yi cewa ruwan famfon New York, wanda ake jawowa daga duwatsun Catskill, shi ne sirrin fizar garin. Ta ce ruwan mai kyau ne, amma wanda ya ɗora komai a kansa bai taɓa kwaɓi ba. Sirrin yana ga fulawa mai ƙarfi irin ta burodi, da yis ɗan kaɗan, da barin kwaɓin ya kwana a firji, wani lokaci har kwana biyu ko uku, yana tashi a hankali. Mu masu gashi don sayarwa mun saba ƙara yis domin kwaɓi ya tashi da wuri a fita kasuwa, kuma a nan ake asarar ƙamshi. Ta kuma ce shagunan da yawa ba sa dafa tumatirin kafin su shafa, na gwangwani ne mai kyau ake murƙushewa a sa gishiri, wutar tandu ta ƙarasa shi. Waɗannan amsoshi biyu kaɗai sun fi min kuɗin tikitin.

Shago na huɗu, na ƙarshe, na 'yan Napoli ne, masu tandun itace mai kama da ƙubba. Ƙungiyar da ke kare asalin fizar Napoli, wadda aka kafa a 1984, ta ƙayyade zafi wajen digiri 485 da gashi na daƙiƙa 60 zuwa 90, kuma a 2017 UNESCO ta sanya gwanintar masu gashin Napoli cikin al'adun duniya da ake tattali. Gefen fizar ya kumbura ya yi taushi, ganyen basil, ɗan uwan ɗaɗɗoya, yana ta ƙamshi. Tsakiyarta kuwa jiƙe take, da wuƙa da cokali mai yatsu aka ci. An ce haka ake son ta, na kuma yarda, amma bakina ya fi karɓar mai ƙaras.

Yanzu ga inda aka ɓata min rai. A fom ɗin akwai gurbin abin da mutum ba ya ci, ƙanwata ta rubuta ƙarara cewa ba ma cin naman alade, ba ma cin abin da aka sa wa giya. Dole a rubuta, domin feferoni, jan naman nan mai zagaye da Amurkawa suka fi so a kan fiza, yawanci da naman alade ake yin sa, wani lokaci a haɗa da na sa. Tsiran naman Italiya da suke barbaɗawa ma haka. Akwai kuma wata miya mai ruwan hoda da ake yayi a garin, wadda ake zuba wa barasar vodka wajen dahuwa, kuma a ido ba ka gane ta. A shaguna ukun farko ba mu sami matsala ba, domin fiza mai cuku da tumatir zalla aka ba kowa. A na ƙarshe, wanda ba zan kama sunansa ba, sai aka kawo tire ɗaya, rabi feferoni rabi zalla. A gabanmu yaron shagon ya bi ta kai da wuƙarsu mai taya, daga ɓangaren naman zuwa namu, jan man yana bin sawun wuƙar. Da muka ce ba za mu ci ba, wani daga cikin abokan tafiyar ya ce ai ɓangarenmu babu nama. Mai jagorar ta gane nan take, ta ba da haƙuri, ta sa aka gasa mana wata daban aka yanka da wuƙar da aka wanke. Ta kyauta. Sai dai kafin tamu ta fito sauran sun gama, muka ci a gaggauce. Ta faɗa mana gaskiya cewa saƙon da ofis ya turo mata "ban da nama" kawai ya ce. Wato wani a ofishin ya karanta abin da muka rubuta ya taƙaita shi yadda ya fahimta. Kamfanin da ke karɓar kuɗin baƙi daga ko'ina a duniya, a birnin da Musulmi suke da yawa haka, ya kamata ya san cewa maganar ba ta tsaya ga naman da ido ke gani ba.

Duk da haka ban ga Musulmi ya yi asarar komai a irin wannan yawo ba, in dai an kiyaye. Masu sana'ar da kansu da fizar zalla suke auna shago, domin a nan ne ba abin da zai rufa wa kwaɓi da wuta asiri. Abin da na so a ƙara shi ne shago ɗaya daga cikin masu fizar halal da ke Bronx da Brooklyn da Queens, masu feferonin naman sa. Su ma wani babi ne na labarin baƙin da suka zo garin suka kama sana'ar, amma hanyar yawon ba ta bi ta kansu.

Yanka huɗu suna ƙosarwa fiye da yadda ake zato, don haka karin kumallo mai nauyi ba shi da amfani ranar. A sa takalmi mai daɗin tafiya. Wanda ke da ciwon gwiwa ko ƙananan yara ya nemi irin yawon da ake yi a bas, wanda wasu kamfanonin kan kai har Brooklyn, inda tsofaffin shaguna irin su Totonno's na Coney Island suke tun 1924. A riƙe 'yan daloli a hannu, domin al'adar garin ce a ba mai jagora tukuici a ƙarshe, kuma tamu ta cancanta. Wanda yunwa ce kawai ke damunsa, ya ajiye kuɗinsa ya shiga shagon unguwa. Mai sana'ar fulawa kuwa, ko mai son sanin dalilin da ya sa abinci yake yadda yake, ina ba shi shawara ya je.

Kafin a biya, a rubuta wa kamfanin kai tsaye, kada a dogara da gurbin fom. A ce musu ana son fiza mai cuku da tumatir zalla, a tire dabam, a yanka da wuƙa mai tsabta, kuma ban da miyar vodka. Da an haɗu da mai jagora a wurin taro, a maimaita masa baki da baki kafin a tashi, domin shi ne zai yi odar a kowane shago.