Abin da na gani a gwanjon gidaje na Ingila kafin na koma wurin dillali

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zaman haya a Manchesta kafin ni da mai ɗakina mu tara abin da zai isa kafin alƙalamin ƙaramin gida. A watanni goma sha huɗu da muka yi muna nema, daga farkon 2023 zuwa tsakiyar 2024, mun gwada hanyoyi biyun da ake sayen gida da su a Ingila, wato ta hannun dillali, inda mutum yake yin tayi a keɓe, mai gida ya ce albarka ko ya sallama, da kuma ta gwanjo, inda wanda ya fi kowa tayi yake ɗauka. Gidan da muke ciki yanzu ta hannun dillali muka saye shi, amma gwanjon ne ya fi cin mini kuɗi da barci, saboda haka a kansa zan fi tsayawa.

Fushi ne ya kai ni gwanjo, ba lissafi ba. Mun taya wani gida fam 148,000, aka sallama mana, na biya mai duba lafiyar gini, lauyata kuma ta fara bincike a ofishin ƙaramar hukuma. Bayan mako shida dillalin ya kira ni ya ce wani ya ƙara fam 6,000, mai gida kuma ya karkata gare shi. A nan na gane cewa sallamawa a Ingila da Wales ba ta ɗaure kowa, domin wata doka ta shekarar 1989 ta ce cinikin gida ba ya faɗawa sai an rubuta yarjejeniya an sa hannu, kuma kafin lauyoyin ɓangarorin biyu su yi musayar takardun nan, kowa yana da ikon janyewa ba tare da ya biya ko sisi ba. Shi ma dillalin doka ce ta wajabta masa isar wa mai gida duk tayin da ya zo. Wanda ya tashi a inda ake ganin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa abin kunya ne zai daɗe bai haɗiye wannan ba, ga kusan fam 900 da suka tafi ba tare da na riƙe ko makulli ba.

Abin da ya ja ni zuwa kamfanin gwanjon da na yi rajista da shi shi ne, a can babu wannan yawo da hankali. Dokar da na ambata ta keɓe gwanjo, saboda haka da zarar guduma ta sauka, ciniki ya faɗa, mai gida ba shi da damar sauraron wani. Shafinsu na intanet ya burge ni, domin rajista ba ta ɗauke ni rabin sa'a ba: na ɗora hoton fasfo da shaidar adireshi, suka riƙe wani kuɗi a katina a matsayin jingina, suka buɗe mini takardun kowane gida kyauta. Ma'aikatansu suna amsa waya, kuma ba su taɓa faɗa mini abin da ba haka yake ba. Sai dai ya kamata mai saye ya riƙa tunawa cewa mai gida suke yi wa aiki, kuma abin da ba ka tambaya ba, ba za su tsokano maka shi ba.

Gidan da na sa wa ido yana wajen Bolton, wani gari kusa da Manchesta, irin jerin gidajen jan bulo da aka gina wa ma'aikatan masaƙu tun zamanin Sarauniya Biktoriya, mai ɗakin kwana biyu da ɗan tsakar gida a baya. An rubuta masa fam 75,000 a matsayin farashin jagora. Wannan adadi talla ne kawai, ba kuɗin gidan ba ne. Akwai wani farashi na ɓoye da mai gida ya gindaya, wanda in tayi bai kai shi ba ba za a sayar ba, kuma ƙa'idar talla ta ce kada ya wuce farashin jagora da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Wannan ƙa'ida tana nuna maka inda za a fara sallamawa ne kawai, ba ta faɗa maka inda za a tsaya ba. Da na duba abin da aka sayar da gidajen layin a bayanan hukumar rajistar filaye, sai na ga babu wanda ya yi kusa da wannan araha a 'yan shekarun nan.

Inda aikin yake shi ne kundin takardun shari'a. Minti ashirin aka ba mu na duba gidan, mu fiye da goma a lokaci guda, yawancinsu magina ne da masu sayen gidaje don zuba 'yan haya, suna ƙwanƙwasa bango suna leƙa rufi. Na ga danshi a bangon ɗakin girki, amma abin da ya fi danshin tsada a takarda yake. Na biya lauya fam 400 ta karanta kundin, ta kuma fito mini da abubuwan da da idona ba zan gani ba, domin suna can cikin sharuɗɗa na musamman a shafukan ƙarshe. Mai saye ne zai biya la'adar kamfanin gwanjo, shi zai biya lauyan mai gida, shi kuma zai mayar wa mai gida kuɗin binciken da aka sa a kundin, jimilla sama da fam 4,000 a kan duk abin da guduma ta sauka a kai. Filin da gidan yake kai ma haya ce ta shekara 999, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin gidajen wannan yanki, kuma ba shi da wata illa sosai tunda kuɗin hayar ƙasar kaɗan ne, amma da a ce shekarun da suka rage sun gaza 80, da magana ta canza, domin bankuna suna gudun irin wannan gida. Kwana biyu kafin gwanjo aka ƙara wata takarda a kundin, kuma ba don lauyar ta ce in riƙa leƙawa kullum ba, da ban san da ita ba. Duk wannan kuɗi ana kashe shi ne kafin mutum ya san ko gidan zai zama nasa.

Sai maganar biya, wadda ita ce ta fi shafar irinmu. Wanda ya ci gwanjo zai ajiye kashi 10 cikin ɗari nan take, ya cika sauran a cikin kwanakin aiki 20, in kuwa ya gaza, kafin alƙalaminsa ya tafi, kuma mai gida yana iya kai shi kotu neman asarar da ya yi. Mu da muke son tsarin bankin Musulunci, inda banki yake sayen gidan tare da kai, kana biyan haya a kan kasonsa kana kuma sayen kason a hankali, an faɗa mana gaskiya cewa ba za a iya yi mana alkawarin kammalawa cikin wannan wa'adi ba. Abin da 'yan gwanjo suke yi shi ne karɓar bashin gaggawa mai kuɗin ruwa na wata-wata, a shekarar da Babban Bankin Ingila ya kai kuɗin ruwa kashi 5.25 cikin ɗari, wannan kuwa ƙofa ce da ba za mu shiga ba. Dole na haɗa ajiyarmu da rancen da ƙanin mai ɗakina da abokai biyu suka yarda su ba ni, na rubuta fam 98,000 a takarda na manna a jikin kwamfuta a matsayin iyakata.

Ranar gwanjo, wanda ta intanet aka yi shi, tayi ya wuce fam 90,000 tun kafin azahar. Duk wanda ya taya a daƙiƙun ƙarshe, sai agogo ya ƙara lokaci, saboda haka babu dabarar fakon minti na ƙarshe. Wani abu da na karanta a sharuɗɗan ya tsaya mini a rai, wato an halatta wa mai gida ko wakilinsa ya riƙa tayi matuƙar ba a kai farashin ɓoye ba. Malamanmu sun halatta gwanjo, amma sun hana najashi, wato mutum ya ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba sai don ya ingiza wasu, ni kuwa ban ga bambanci mai yawa tsakanin wannan da wancan ba, ko da yake a rubuce yake kuma doka ta san da shi. Na kai fam 98,000, aka ɗara ni, hannuna ya ƙara dubu biyu ba da shawarata ba, sai mai ɗakina ta rufe kwamfutar. An sayar da gidan fam 112,000. Kuɗin da suka riƙe a katina ya dawo cikin mako guda ba tare da na bi sawu ba, wannan kam na yaba musu.

Daga baya wani dillali ya tallata mini abin da suke kira gwanjon zamani, mai wa'adin kwana 56, wanda ya isa a nemi kuɗin banki. Da na ga cewa mai saye zai biya kuɗin kamun gida fiye da kashi 4 cikin ɗari, wanda ba zai gaza fam 6,000 ba, ba ya cikin kuɗin gidan, kuma ba a mayarwa in ka janye, sai na yi masa godiya na wuce.

Mun koma tayin keɓe da darasin farko a hannu. Wannan karon na roƙi a cire tallan gidan daga Rightmove, shafin intanet na tallan gidaje, ranar da aka sallama, na tanadi lauya da amincewar banki tun kafin in taya. Mai duba gini ya gano cewa rufin yana buƙatar gyara, muka koma teburin ciniki aka rage mana fam 3,500, abin da ba zai taɓa yiwuwa a gwanjo ba. Wata huɗu da rabi aka yi, kuma har ranar musayar takardu gabana yana faɗuwa duk lokacin da lambar dillalin ta fito a wayata. A ganina gwanjo ya dace da mai tsabar kuɗi a hannu wanda ya san farashin siminti da katako, kuma zai iya rasa gida uku ya ci na huɗu ba tare da kuɗin lauya ya dame shi ba. Magidanci mai neman wurin da zai sa iyalinsa, musamman mai jiran bankin Musulunci, gara ya jure jan ƙafar dillali. Gidan Bolton ɗin kuwa na sake ganinsa bayan wata bakwai, an yi masa fenti da sabon ɗakin girki, an sa shi haya.