Garmin Striker 4 a kwale-kwalen Lagdo: kafin a ce kunnenta ya mutu

Wannan ƙaramar na'urar auna zurfi da hango kifi ta dace da mai kwale-kwale ta fuskoki da dama. Gilashinta inci 3.5 ne, tana da GPS da za ka ajiye wurin da ka zuba kalli, ruwan sama ba ya kashe ta, kuma wutar da take ci kusan amfiya 0.23 ce a bolt 12. Batir na 7Ah zai kai ka kamun yini guda har da saura. Taswira ce babu a cikinta, gilashin kuma ya yi ƙanƙanta ga mai raunin ido. Amma wani ƙorafi da akan yi a kanta shi ne lambar zurfi ta riƙa ƙiftawa ko ta ɓace, nan take kuwa sai a ɗora wa kunne laifi.

Kunne shi ne baƙin dunƙulen da ke cikin ruwa, wanda takardun Faransanci ke kira sonde. Yana harba sauti ƙasa a kilohaz 77 ko 200, wato saurin kaɗawar sautin, ya saurari amsa-kuwwa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, da lokacin dawowarsa ne na'ura ke lissafa zurfi. Abokin gabansa iska ce, kumfa ƙalilan ta isa ta kurmantar da shi.

A nan ne matsalar take. Maƙalin da ke zuwa a kwali an yi shi ne domin jirgi mai shafaffen baya, ba jirgin katako irin na tafkin Lagdo ko na Maga a arewacin Kamaru ba. Wasu sukan manna kunnen daga ciki, a ƙasan jirgi. Wannan dabara tana ci a jirgin faiba, amma katako yana shanye sautin, ko an zuba masa gam kwano guda. Dole fuskar kunnen ta taɓa ruwan tafki kai tsaye. Abin da ya fi shi ne a ɗaure shi a ƙasan bututun roba mai kauri ko sandar ƙarfe, a matse sandar a gefen jirgi ta yadda za a iya ɗage ta idan an zo gaɓa. Fuskar ta kalli ƙasa sak, ta ɗan zarce gindin jirgi, kuma kada ta zauna a bayan farfela ko bayan wani gurbin katako da aka yi wa faci. Alamar kuskuren ɗauri a fili take: jirgi na tsaye zurfi na fitowa, ana ba inji wuta ya ɓace. Wannan kunne lafiyarsa lau, wurin zama za a sauya masa.

In kuwa ko a tsaye babu zurfi, a fara da batir. A sa mitar auna wuta a kansa yayin da na'urar ke aiki. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen bolt 12.6, idan ya gangaro ƙasa da 12 ya yi sanyi, gilashi na iya haskawa alhali bugun sautin ya raunana. A duba fis na amfiya 3 da ke kan jar waya, domin tsatsa takan ci bakinsa ba tare da ya ƙone ba. Sai a leƙa cikin saiti a tabbata ba a bar ta a kan gwajin nuni ba, wanda ke zana kifin ƙarya ko jirgi na kan tudu.

Daga nan sai soket ɗin da wayar kunne ke shiga. Haƙora huɗu gare shi, sirara ƙwarai. A zare a haska da tocila: haƙori ɗaya da ya lanƙwashe ko ya yi tsanwa ya isa. A goge da ƙaramin buroshi, a bari ya bushe sarai, a tura shi har ya zauna. Sannan a bi wayar da yatsu tun daga sama har ƙasa, musamman inda take goga bakin jirgi da inda ake jan koma a kanta. Kada a yanke ta don ta yi tsawo, a naɗe rarar. Ɗaurin da aka yi da salatif ruwa zai shige shi ko ba jima. Idan zafin ruwa na fitowa daidai amma zurfi babu, wayar ba ta tsinke duka ba, zargi ya koma kan zaren sauti ko kunnen kansa.

Gwajin kunne sauƙi gare shi. A kunna, a kara shi kusa da kunnen mutum na ɗan lokaci kaɗan, za a ji yana ƙas-ƙas-ƙas a hankali. Kada a daɗe da shi a waje. Gwajin bokiti yaudara ne, sauti na ta karo da bango. Gara a rataya shi da hannu a inda ruwa ya kai mita biyu ko uku, inji a kashe. In ya karanta a haka, amma ɗige-ɗige suka cika gilashi da an tayar da inji, wutar fulogi ce ke shiga. A ba na'urar batirinta daban, a raba wayarta da ta inji.

Tafkin ma yana da nasa hali. Tun da aka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982 laka ke taruwa a ƙasa, laka mai laushi kuwa amsarta rarrauna ce, ciyawa kuma takan sa lamba ta yi ta tsalle. A ruwa maras zurfi a zaɓi kilohaz 200, a rage ƙarfin ji kaɗan. Gansakuka da ta lulluɓe fuskar kunne sabulu da tsumma ne maganinta, ban da fetur, ban da sanfefa.

Sai an ga tsaga a jikinsa, ko an jona kunnen maƙwabci mai irin na'urar ya yi aiki nan take, sannan a nemi sabo. Mai saye a Garwa ko Marwa ya ƙirga haƙoran soket kafin ya biya, domin na wasu samfuran Garmin takwas ne ko goma sha biyu, ba za su shiga ba.