Na'urar gwajin barasa da na saya saboda direbobina

Motocin haya gare ni masu jigila tsakanin Jos da Abuja, kuma duk ɗan sana'ar nan ya san abin da ake sayarwa a bayan tasha: goskolo, wato barasar gida mai ƙarfi, da giyar leda da NAFDAC ke ta fama ta hana tun 2024. Shi ya sa na sayi na'urar nan da ake hura wa iska. Ƙarama ce, aljihun riga ma ya ishe ta.

Aikinta ba wuya. A kunna, ta ɗan ƙirga, direba ya hura har ta yi ƙara, lamba ta fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada barasar da ke jinin direba ta wuce kashi 0.05 cikin ɗari. Ni dai ko ɗigo ta nuna, a ajiye makulli.

Waɗanda take kamawa ba masu tangaɗi ba ne. Wani dattijo cikin direbobina, mai tsafta da ladabi, da lambar ta tona shi sai ya ce, "Alhaji, ɗan na wartsakewa ne fa. In na taɓa, hannuna ya fi zama a sitiyari." Kuma har zuciyarsa haka ya yarda. Barasa hankalin auna haɗari take fara dusashewa, mutum ya riƙa jin shi gwani ne alhali ƙafarsa ta yi nauyin kaiwa birki. Ga jiran lodi tun asuba, ga balas, kuɗin da zai kawo wa mai mota, da ke kansa, barci bai ishe shi ba, abokan zama kuma suna yi wa wanda ya ƙi kurɓa kallon ɗan ƙauye. Duk ranar da ya gangara Hawan Kibo lafiya, sai ya ƙara samun hujja.

Goro, kofi da alewar minti duk an gwada mata, ba ta ruɗu ba. Hanta ce ke tace barasa, kuma ba a sa ta sauri.

Inda ta gaza: bututun bakin da aka haɗo da ita kaɗan ne, ba kuma mai son hura na wani. Maganin kurkure baki yana iya sa ta zargi mai gaskiya, sai an jira kamar minti 15 a sake. Tana kuma buƙatar saiti lokaci-lokaci, abin da mai shagon bai faɗa mini ba.

Babbar damuwata, ba ta ganin tramol ko wiwi. Mai motoci ya saya, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba, amma ya riƙa duba idon direbansa kafin ya miƙa makulli.