GARGAƊI: mai tallar rediyon IC-7300 ta bogi ya cinye min naira 850,000

Jama'a, masu harkar rediyon gajeren zango, ku yi hattara. Naira 850,000 wani ɗan damfara ya karɓe min. Dubu ɗari takwas da hamsin, kuɗin da na daɗe ina tarawa. Har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Kuma ni ba rediyo na je nema ba. Ina da tsohuwar rediyota, ina da lasisina, abin da kawai nake so shi ne in fara FT8, wato musayar gajerun saƙonni ta rediyo da taimakon kwamfuta, a kan 14.074 MHz a zangon mita 20. Tsohuwar ba ta da katin sauti a ciki, don haka sai da ƙaramin akwatin da ke shiga tsakaninta da kwamfuta, irin SignaLink ko Digirig, wanda zai kai sauti ya dawo da shi, ya kuma danna PTT, maɓallin da ke sa rediyo ta fara aika saƙo. Shi na yi cigiya a wani rukunin sayar da kayan rediyo. Sai wannan mutumin ya biyo ni ta akwatin saƙo, wai dattijo ne a Ingila, zai koma ƙaramin gida inda ba damar kafa eriya, yana sayar da kayansa.

Ga maganar da ta kama ni, kuma ita nake ta juyawa a raina. Cewa ya yi kada in ɓata kuɗina a kan akwatin. Wai in sayi rediyonsa IC-7300, tana da katin sauti a cikinta, wayar USB guda ɗaya ta ɗauki sauti da CAT (sarrafa rediyo daga kwamfuta) gaba ɗaya, ba tarin wayoyi ba ƙugi. Kuma gaskiya ya faɗa! Haka rediyon take. Har ya ce in rage ƙarfin sauti kada ALC, ma'aunin da ke nuna sauti ya yi yawa, ya riƙa motsi, in daidaita agogon kwamfuta tunda FT8 zagayen daƙiƙa 15 take yi, in agogo ya kauce WSJT-X, manhajar da ake yin FT8 da ita, ba za ta karanto komai ba. Ku faɗa min, wane ɓarawo ne ya san ALC? Wane ɓarawo ne zai ce maka kada ka kashe kuɗi? Masu cewa na yi gaggawa, ku da kanku da kun faɗa.

Kuma na bincika. Lambar kiransa ta rediyo na duba a QRZ, shafin intanet da ake duba masu irin waɗannan lambobin, tana nan, suna ɗaya, gari ɗaya. Hoton rediyon ya turo da takarda a gefe an rubuta lambar da hannu. Daga baya ne, bayan na rubuta wa ainihin mai lambar ta adireshin imel ɗin da ke shafinsa, bawan Allah ya amsa cewa bai taɓa saka komai a kasuwa ba, sunansa aka sata. Amma wannan bayan maganar kwastam ne, wadda zan zo kanta. A'a, kafin nan ma akwai lambar bin sawun kaya da ya ba ni, wadda ba ta taɓa nuna komai ba. Kuɗin kuwa tun farko asusun naira na tura su, wai na wakilinsa a Legas don a sauƙaƙa min canji. Naira 850,000 a tashi ɗaya, har yana min godiya da "73", gaisuwar fatan alheri ta masu rediyo.

Sai ga saƙo wai kaya sun maƙale a kwastam, in ƙara naira 120,000. Nan na ce ya kira ni ta bidiyo ya kunna rediyon in gani. Shiru. Washegari ya toshe ni, ya yi layar zana. Na kai ƙorafi banki, suna cewa ana bincike.

Ina da hotunan hirarmu duka, da rasit, da hoton takardar da yanzu na lura an liƙa ta ne da kwamfuta. Zan ɗora su da daddare in na rufe sunan dattijon da aka yi wa sata shi ma.

Kada ka tura ko sisi sai ka ga rediyo a kunne ta bidiyo, kuma ka tuntuɓi mai lambar ta imel ɗin QRZ. In tsohuwar rediyonka tana aiki, sayi akwatinka kawai. Ni yanzu ko kuɗin akwatin ba ni da su.