Abin da na gani a SageMath game da zaɓen ƙunshin da ke cikinta

Na kwashe kusan shekara biyu ina amfani da SageMath wajen aikina na nazarin lambobi, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda masu kula da ita suke tantance abin da zai shiga cikinta da abin da zai tsaya a waje. Tun da masanin lissafi William Stein ya fitar da ita a 2005, manufarta ita ce samar da buɗaɗɗiyar manhaja ta kyauta da za ta maye gurbin Magma da Maple da Mathematica da MATLAB, ta hanyar haɗa manhajoji irin su GAP da PARI/GP da Maxima da Singular a ƙarƙashin harshen Python.

An raba ƙunshin, wato manhajojin da ake haɗawa a cikinta, gida uku. Akwai na dole, wanda yake zuwa da kowace sauka. Akwai na zaɓi, wanda mutum zai ɗora da kansa in yana bukata. Sai na gwaji, wanda ba a ba da tabbacin zai yi aiki ba. Sharaɗin da ba a sassauta wa na dole shi ne lasisinsa ya dace da GPL, lasisin da ke ba kowa damar duba manhaja ya gyara ta ya kuma rarraba ta. Labarin nauty, manhajar Brendan McKay mai gano ko zane-zanen mahaɗa (ɗigogin da layuka suka haɗa) biyu iri ɗaya ne, ya nuna mini tsananin wannan sharaɗi: duk da ƙwarewarta, ta daɗe a rukunin zaɓi saboda tsohon lasisinta ya hana sayar da ita don riba da amfani da ita a harkar soja, kuma ba ta shiga na dole ba sai bayan an mayar da ita kan lasisin Apache, wanda ya dace da GPL. Ina goyon bayan wannan tsayuwa ƙwarai, domin hujjar lissafin da aka samo ta manhajar da ba kowa zai iya dubawa ya rarraba ba, hujja ce mai rauni.

Inda na fi jin amfanin rabon shi ne a jadawalin masanin lissafi John Cremona na lanƙwasassun layukan eliptik, wasu layuka da ake nazari a fannin lambobi. Ƙaramin jadawalin, wanda ya tsaya a kondakta 10,000 (kondakta ita ce lambar da ake jera layukan da ita), yana zuwa kai tsaye kuma ya ishe ni koyarwa, babban kuwa sai na ɗora shi daban lokacin da bincike ya kai ni can.

Ƙorafina ɗaya shi ne har yanzu rukunin dole yana da nauyi. Harhaɗa manhajar daga tushe yakan ci sa'o'i, kuma ga wanda yake sayen data da tsada, wutarsa ma ba ta tsayawa, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Ni dai na koma saukar da ita ta conda-forge, rumbun da ke ba da manhajoji a harhaɗe, kuma wannan hanyar nake ba ɗalibaina shawarar bi, amma da za a ƙara rage na dolen a bar ƙarin abubuwa ga zaɓi, da ɗalibai da yawa sun fara amfani da ita a kwamfutocinsu.