Etymonline: shafin da ya raba mana gardamar suga da sukari

Gardama ce ta kai ni. Daren Asabar muna teburin mai shayi, abokin aikina malamin lissafi ya ce a rage masa suga. Wani dattijo da ke ƙarshen benci ya ɗago kai ya ce, "Ku 'yan boko kun ɓata Hausa. Sukari ake cewa, shi ne namu. Suga kuwa aron Bature ne." Na ce, "Baba, ai shi ma sukarin baƙo ne." Ya ce in kawo hujja, in na kasa kuwa ni zan biya masa shayi haɗe da wainar ƙwai.

Nan na ciro waya na buɗe Etymonline. Shafin intanet ne da wani Ba'amurke, Douglas Harper, ya fara a 2001. Ka rubuta kalmar Turanci, ya faɗa maka inda ta fito da lokacin da aka fara ganinta a rubuce. Kyauta ne, kuma yawancinsa rubutu ne, don haka duk da sabis ɗin unguwarmu mai jan ƙafa, ya buɗe kafin shayina ya huce.

Na rubuta sugar. Turawan Ingila sun karɓe ta daga tsohon Faransanci, sucre, a ƙarshen ƙarni na 13. Faransanci ya samo ta daga Latin, shi kuma daga Larabci, sukkar. Dattijo ya gyara zama ya ce, "To ka ji! Ai daga wajen Larabawa ne." Na ce Baba ya dakata, da sauran tafiya. Larabawan ma daga Farisa suka ɗauko, shakar, Farisa kuma daga Sanskrit, tsohon harshen Indiya, inda ake cewa sharkara. Ma'anarta ta farko tsakuwa ce, ko burji. Mai shayi ya ɗebo suga a cokali ya ɗaga wajen fitila yana kallon ƙwayoyin, ya ce, "Wallahi tsakuwar ce."

Shafin bai kawo Hausa ba, don aikinsa Turanci ne, wannan ni na ƙarasa. Sukari ya shigo mana ta bakin Larabawa, suga ya biyo Turawa. Kalma ɗaya ce, ta iso mu ta hamada, ta kuma sake iso mu ta teku.

Abin da ya sa nake komawa shafin shi ne ba ya ƙaƙale. Inda masana suka saɓa, yakan ce an saɓa. Sai dai ba ƙamus ɗin fassara ba ne: ɗalibin da ke neman ma'anar yau don aikin gida ya nemi wani. Ni kaina sai da na kwana biyu kafin na gane "13c." ƙarni na 13 ake nufi. Kuma yana cin lokaci kamar gyaɗa, ka ɗauki ɗaya sai ka ƙara. Daren nan na gano kalmar Turanci "nice", da muke yabon mutum da ita, wajen shekarar 1300 "wawa" take nufi.

Dattijo dai bai sauka ba. Ya ce tunda sukari ya riga suga zuwa ƙasar Hausa, shi ne babba. Ni na biya kuɗin ƙwan.